Wa Ya Tsaya wa Umar? Nazarin Riƙon Yaro a Cikin Littafin Shaihu Umar

Littafin Shaihu Umar yana cikin littattafai biyar ɗin nan da suka fito daga gasar ƙaga labari wadda Ofishin Fassara na Zariya ya shirya a 1933, zamanin da Dokta R. M. East ke shugabancinsa. Sauran huɗun su ne Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Mawallafinsa, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, a loton nan saurayi ne, bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba, yana koyarwa a Midil ta Bauci. An buga littafin a 1934, Mervyn Hiskett ya juya shi da Turanci a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, sa'an nan Adamu Halilu ya ɗauke shi a majigi a 1976. Ba littafi ne da aka yi wa rowar kulawa ba.

Amma masu nazari sun fi duban sa ta fuska biyu. Waɗansu sun ɗauke shi madubin tarihi, watau hoton harin bayi da fataucin Sahara a ƙarshen ƙarni na 19. Waɗansu kuwa sun ɗauke shi wa'azi a kan haƙuri da yarda da ƙaddara, gama yaron da aka sace ya koma babban malami. Duka biyu suna da hujja. Sai dai akwai fuska ta uku wadda ba a cika tsayawa a kanta ba, alhali kuwa ita ce ta fi kusa da aikin malamin makaranta: littafin nan, daga farkonsa har kusan ƙarshensa, labarin yaro ne da ke fita daga wannan hannu yana shiga wancan, ba a taɓa shawartarsa ba, kuma ba a sami wanda zai bi maganarsa har ta kai inda za a yanke ta ba.

In aka ƙidaya hannuwan da Umar ya ratsa, za a sami takwas. Akwai uwarsa, da mijin uwarsa Makau, da macen da aka bar wa amanarsa a Kagara, da mutumin da ya sace shi, da mutanen ƙauyen da suka tsince shi, da Gumuzu maharin da ya kai shi Kano, da Balarabe Abdulkarim, da Shaihu Mas'ud wanda ya karantar da shi a Ber Kufa. Abin lura shi ne, cikin takwas ɗin nan biyu kaɗai ne suka nufe shi da sharri. Shida sun so shi, sun ci da shi, sun tufatar da shi. Duk da haka ya ɓace wa uwarsa, ya tashi a ƙasar da ba tasa ba, bai sake ganinta ba sai tana bakin kabari. Ashe kuwa yawan masu alheri bai isa ya tsare yaro ba, matuƙar kowannensu alherinsa a gidansa ya tsaya. Wannan ita ce maganar da ke ƙarƙashin labarin, ko mawallafin ya nufe ta ko bai nufa ba.

Wajibi ne a nan a rarrabe abu biyu da a kan gama su wuri ɗaya, watau riƙo da tsayawa. Riƙo shi ne ci da sha da sutura da makwanci da tarbiyya. Tsayawa kuwa ita ce a sami wanda zai buɗe baki a madadin yaro gaban mai iko, ya tambayi ɗan wane ne, ya nemi haƙƙinsa, ya koma gobe ya sake nema in yau an kore shi. Hausa tana da kalmomi birjik na fannin farko: goyo, reno, yaye, riƙo, tallafi, agola, ɗan riƙo. Na fanni na biyu kuwa galibinsu daga zauren alƙali aka aro su: waliyyi, wasiyyi, wakili, daga baya kuma lauya. Umar ya sami riƙo har ya yi yawa. Tsayawa ce ya rasa.

A Kagara aka fara. Umar bai san ubansa ba, ya tashi agola a gidan Makau, wanda ya ke bafade ne mai faɗa a ji wurin Sarki. Mawallafin bai bi hanyar tatsuniya ba, inda a kan sa mijin uwa ko kishiyar uwa su zama azzalumai. Makau mutumin kirki ne, yaron kuwa ya sami inuwa a gidansa. To, amma inuwar nan duka jingine ta ke da abu guda, watau fuskar da Sarki ke yi wa Makau. Da 'yan'uwansa fadawa suka ƙulla masa sharri bayan an komo daga hari, suka ce ya ɓoye bayi, aka kore shi daga gari, sai inuwar ta tafi tare da shi. Shari'ar da aka yi a fada ta dubi laifin Makau, ta dubi haƙƙin Sarki cikin ganima, ba ta dubi cewa akwai mace da ƙaramin yaro waɗanda hukuncin zai faɗa wa ba. Ba mugunta ce ta jawo haka ba; babu dai wanda aikinsa ne ya tuna da su. Wannan wuri yana cikin mafi kyaun wuraren littafin, domin mawallafin bai tsaya yin wa'azi ba, ya bar al'amarin ya faɗi kansa. Mai karatu zai iya tunawa da cewa mutumin nan da ya zana fadar Kagara yana saurayi, shi ne a 1950 ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a gyara tsarin mulkin En'e. Bai kamata a ɗora wa ƙaramin littafi nauyin siyasar da ta zo bayansa da shekara 16 ba, amma idon da ya ga fadawan Kagara shi ne dai ya ga na zahiri.

Daga nan uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta, ta bar yaron hannun wata amintacciyarta, wani ya sace shi, kura kuma ta cinye ɓarawon a daji ta bar yaron. Wannan kura ta daɗe tana damun masu nazari, kuma da gaskiyarsu, gama daga taskar tatsuniya aka ciro ta aka sa a labarin da sauran sassansa ke tafiya bisa al'amuran duniya na yau da kullum. Yara a aji su kan yi murna da ita, don mugu ya gamu da sakamakonsa nan take. Amma in an duba da kyau, kurar ba ta yi wa Umar gata ba sai rabi. Ɓarawon nan shi kaɗai ne a dajin ya san daga gidan da aka ɗauko yaron. Da dogari ne ya kama shi, da an tuhume shi ya faɗi. Da kura ta cinye shi, sai ta cinye har da shaidar. Hukuncin da ya faranta ran mai karatu shi ne ya yanke igiyar da za a bi a mai da yaron gida. Ko mawallafin ya lura da haka ko bai lura ba, labarin ya nuna bambancin da ke tsakanin hukunta mai laifi da ceton wanda aka yi wa laifin, abin da har manyan hukumomi su kan kasa rarrabewa.

Mutanen ƙauyen da suka tsinci Umar sun yi abin da shari'a da al'ada suka ɗora musu. A fiƙihun Malikiyya, wanda a ke karantawa a zaurukan ƙasar Hausa cikin Risala da Muhtasar, ɗaukar yaron da aka tsinta farilla ce ta kifaya, watau in wani ya yi ya ɗauke wa saura, in kowa ya ƙi duka sun yi laifi. Yaron ɗa ne, ba bawa ba. Ciyar da shi yana kan baitulmali, in babu kuwa yana kan wanda ya tsince shi. Hausawa sun taƙaita wannan duka da cewa ɗa na kowa ne. Ƙauyen ya cika wannan magana ta wajen riƙo. Sai dai cigiyar ƙauye iyakarta kasuwar ƙauye, kuma ƙauyen da ba shi da ƙarfin tsare 'ya'yan cikinsa daga mahara ba shi da ƙarfin tsare na tsintuwa. Da Gumuzu da mutanensa suka faɗa musu, sai Umar ya zama kai guda cikin kawunan da aka kora zuwa Kano.

A nan ne littafin ya taɓa wurin da ya fi ciwo, ya kuwa wuce da sauri kamar wanda ya taka garwashi. Makau, uban riƙon nan mai tausayi, da me ya ke ci da gidansa? Da hari. Rigimar da ta kore shi daga Kagara rigima ce a kan yawan mutanen da ya kamo, cikin irin waɗannan kamammu kuwa ba a rasa 'ya'yan waɗansu. Abin da Gumuzu ya yi wa Umar shi ne abin da Makau ke yi wa yaran wani ƙauye. Saboda haka kalmar kowa da ke cikin karin maganar nan tana da iyaka, iyakarta kuwa ganuwar gari ce, ko addini, ko dangi. Wanda ke ciki ɗa ne, wanda ke waje dukiya ne. Umar ya ɗanɗana duka biyu, ba don ya sāke ba, sai don an matsar da shi daga wannan gefen iyaka zuwa wancan. Shaihun da ke ba da labari bai tsaya ya auna Makau da Gumuzu a ma'auni ɗaya ba. Wannan rauni ne a littafin, amma mawallafin ya ajiye kayan awon duka a fili, ya bar wa mai karatu.

Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya tabbatar da hoton nan daga wajen zahiri. A can ma ga riƙon 'ya'yan dangi ya zama ruwan dare, har macen da ba ta haihu ba ba ta rasa ɗa a ɗakinta. Ga kuma mahara suna kwashe mata da yara. Amma Baba ta nuna wani abu da Umar bai samu ba, watau fansa. In an kama mutum, danginsa su kan bi sawu, su gano inda ya ke, su tara kuɗin wuri su fanso shi. Wannan ita ce tsayawa irin ta zamanin, kuma aikin taro ce, ba ta mutum ɗaya ba: wani ya kawo labari, wani ya san hanya, wani ya san mai gidan da za a yi magana da shi, saura su kawo kuɗi. Umar maraya ne, uban riƙonsa korarre, saboda haka taron da zai yi masa wannan aiki ya watse tun kafin a sace shi.

Abdulkarim shi ne mutumin da ya fi wuyar hukuntawa a littafin. Ya ga yaron a Kano, ya so shi, ya ɗauke shi ɗa, ya kai shi ƙasar Masar, ya sa shi karatu wurin Shaihu Mas'ud har ya zama abin da ya zama. Ba a ga inda ya wulakanta shi ba. Shaihu Umar kuwa da godiya ya ke ambatonsa, tun da ya ke kuma da bakinsa a ke ba da labarin duka, littafin ba shi da wata kafa da zai tuhumi Balaraben. Wannan ita ce hasarar da a kan yi in an ba wanda aka yi wa rauni, bayan ya tsufa ya yafe, shi kaɗai ya ba da labari: yafewarsa ta kan rufe bakin mai karatu. Amma tuhumar tana nan. Abdulkarim fatake ne mai sayen mutane. Malamai sun daɗe da bayyana hukuncin irin wannan ciniki. Tun wajen 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya yi fatawa cewa mutanen ƙasashen Musulmi irin su Kano da Katsina ba ya halatta a mallake su. Wanda ya tsaya wa yaro, tambayarsa ta fari ita ce ɗan wane ne, ta ina aka same shi. Wanda ya so yaro don kansa kuwa ba ya son amsar wannan tambaya. Alherin Abdulkarim shi ne ya ƙetarar da Umar Sahara, ya sa tazarar da ke tsakaninsa da uwarsa ta tashi daga tafiyar kwanaki ta koma ta watanni. Sa'an nan kuma yaro guda ya zaɓa. Sauran da aka koro tare da Umar, waɗanda ba su yi farin jinin da ya yi ba, labarin ya bar su a kasuwa.

Irin wannan ceto mai raba yaro da asalinsa bai ƙare da zamanin ayari ba. Bayan Turawa sun ci ƙasar, sun shelanta cewa duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, suka kuma buɗe gidajen 'yantattun bayi, ɗaya a Zungeru, ɗaya a Barno, don yaran da aka ƙwato daga hannun fatake. A 1909 aka buɗe wani a Rumasha a hannun 'yan mishan. Yaran sun sami abinci da karatu da sana'a, da yawansu kuwa sun tashi da harshe da addini da suna waɗanda ba na iyayensu ba. A Amurka ma sai da majalisa ta yi doka a 1978 don hana kwashe 'ya'yan ƙabilun asali na ƙasar ana ba waɗansu riƙo da sunan jin ƙai. Kowane ɗaya daga cikin masu wannan aiki zai iya rantsuwa cewa alheri ya nufa, kamar yadda Abdulkarim zai iya.

Mutum guda ne a littafin ya tsaya wa Umar tsayawa ta gaskiya, ita ce uwarsa. Sassan da ke ba da labarinta su ne mafi ƙarfi, ko da ya ke ta wajen tsari suna da wata 'yar matsala, gama Shaihun yana faɗin abubuwan da bai gani ba, sai dai a ɗauka daga baya ya ji su. Mai karatu ba ya damuwa da wannan, domin da zarar an koma kanta sai harshen littafin ya sāke, wa'azi ya ragu, tafiya ta yi sauri. Duk neman da aka yi a kusa ya ƙare, ita ba ta daina ba. Ta bi labari har Kano, ta ji an wuce da shi, ta amince da wani falke mai suna Ado wanda ya ce zai kai ta inda ɗanta ya ke. A Murzuk al'amari ya kai gaban alƙali, ba ta sami gaskiyarta ba, aka sayar da ita, ta ƙare baiwa a gidan wani Ahmad a Tarabulus, cikin wahala da ƙuntatawa.

Abin da ya kamata a tambaya shi ne, me ta rasa? Ba ta rasa hujja ba. Ita 'ya ce, ɗanta ɗa ne. Shari'ar da alƙalin ke hukunci da ita ta ba uwa da danginta fifiko wajen reno, har ma ta hana a raba baiwa da ɗanta wajen ciniki sai ya yi famfara, balle 'ya. Ba ta rasa himma ba, gama ta yi tafiyar da maza ke tsoro. Abin da ta rasa shi ne mutum na biyu. Shari'a da shaidu ta ke aiki, baƙuwa kuwa a Murzuk ba ta da wanda zai ce ya san ta, ya san ubanta a Fatika. Ba ta da takardar wani sarki ko wani malami. Wanda ya san hanya, watau Ado, shi ne maci amanarta. Mai neman haƙƙin yaro, in shi kaɗai ne kuma ba shi da ƙarfi, ba ya ceton yaron, sai ma ya bi shi cikin ramin. Mawallafin ya bi wannan gaskiya har ƙarshenta bai tausasa ta ba: ya haɗa su a Tarabulus bayan mafarki ya tayar da Umar nemanta, ya kuwa ɗauke ta ba da jimawa ba. Marubucin da ke neman faranta rai da ya mai da su gida tare.

Yana da amfani a ajiye wannan kusa da wani al'amari na zahiri da ya faru a cikin rabin ƙarnin da labarin ke magana a kai, a wata nahiya dabam. A 1874, a birnin Niyok na Amurka, akwai wata yarinya mai suna Mary Ellen Wilson, 'yar wajen shekara 10, wadda uwar riƙonta ke duka tana kulle ta a ɗaki. Maƙwabta suka gaya wa wata mai ziyarar gidajen matalauta, Etta Wheeler. Ita kuwa, da ta ga hukumomin da ta fara zuwa ba su motsa ba, sai ta je wurin Henry Bergh, shugaban ƙungiyar hana zaluntar dabbobi. Shi ya sa lauyansa Elbridge Gerry ya kai maganar kotu, jaridu suka ɗauka, aka ƙwato yarinyar, aka ɗaure uwar riƙon shekara 1, aka kuma kafa ƙungiyar hana zaluntar yara ta birnin. Ba da dokar dabbobi aka cece ta ba, kamar yadda a kan faɗa. Da dokar mutane ce. Ta rayu har 1956. Ba wanda zai ce Etta Wheeler ta fi uwar Umar ƙauna ko naci. Bambancin shi ne, a can wanda ya gani ya gaya wa wanda zai iya shiga gida, shi kuma ya gaya wa wanda a ke jin maganarsa, shi kuma ya kawo wanda ya san ƙofar shari'a. Ba ɗayansu da zai iya aikin shi kaɗai. A littafin Malam Abubakar akwai kowane irin mutum daga cikin waɗannan, akwai maƙwabciya, akwai sarki, akwai malami, akwai alƙali, akwai attajiri, amma ba inda biyu daga cikinsu suka haɗu a kan maganar yaron.

Shekara ɗari da 'yan kai bayan wannan, a 1977, wani alƙali a birnin Siyatil, David Soukup, ya ga yana yanke hukunci a kan makomar yara ba tare da isasshen bayani ba, sai ya nemi mutanen gari masu sa kai, a horar da su, kowanne a ɗora shi a kan maganar yaro guda, ya bincika ya zo kotu ya faɗi abin da ya fi wa yaron. Tsarin ya bazu cikin Amurka da sunan CASA. Yana da masu sukarsa, musamman a kan cewa mai sa kai sau da yawa ba daga unguwar yaron ko jinsinsa ya fito ba, har ya kan ɗauki talauci a matsayin sakaci. Wannan suka kuwa ita ce dai tuhumar Abdulkarim cikin wata riga. Amma gurbin da alƙalin nan ya gani babu kowa a ciki, shi ne gurbin da ya ke fanko a fadar Kagara da zauren alƙalin Murzuk.

Kada a ɗauka satar yaro a kai shi nesa tsohon labari ne. A watan Oktoba 2019 'yan sanda suka gano yara 9 da aka sace daga Kano aka sayar a Anaca, an sāke wa waɗansunsu suna. Iyayen yaran da suka ɓace sun riga sun haɗa kansu suna bin ofisoshi da gidajen rediyo, bayan ganowar kuma gwamnatin jihar ta kafa kwamitin bincike. Dokar haƙƙin yara ta tarayyar Nijeriya ta 2003 ta tanadi kotun iyali, da wakilin da zai tsaya wa yaro a shari'a, da kwamitoci tun daga tarayya har ƙaramar hukuma. Kano ba ta sa hannu a kan tata dokar kare yara ba sai a 2023. Uwar Umar da ta zo a wannan zamani da ta tarar da ƙofofi da yawa. Ko za ta tarar da wanda zai raka ta ciki, wannan ya danganta ga mai unguwa da limami da malamin makaranta, ba ga takardar doka ba.

In aka gwada Shaihu Umar da abokin fitowarsa Jiki Magayi, sai a ga su biyu sun ɗauki yaro sun sa shi ya biya bashin manya. A can Kyauta ne aka lalata da sammu don a rama abin da ubansa ya yi, ya tashi ɓarawo, gari kuwa ya bi shi da la'ana. Amma Jiki Magayi hankalinsa yana kan ramuwa, yaron makami ne kawai. Littafin Malam Abubakar ya fi shi zurfi ta wannan fuska, domin ya bi yaron kansa, ya kuma ƙi ya ba mai karatu mugu guda da zai ɗora wa laifin duka ya huta.

Inda ya gaza shi ne wajen rufewa. Bayan mutuwar uwar, da guguwar rairayi da ta binne ayari a hamada Umar ya tsira, labarin ya gangara da sauri zuwa Rauta, inda Shaihun ke zaune cikin girma almajirai kewaye da shi. Darajar da ya samu ta zama kamar amsa ga duk abin da ya wuce, har mai karatu mara lura zai iya fita da zaton cewa satar ma alheri ce, tun da ba don ita ba da bai je Ber Kufa ba. Malamin da ke karantar da littafin a kwalejin horon malamai ya kamata ya tsai da ɗalibansa a nan, ya sa su ƙidaya abin da aka biya kafin a sami Shaihu guda: uwa ta mutu a bauta, ƙauye ya watse, yaran da aka koro tare da shi ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Akwai kuma wani abu a zauren Rauta da ya cancanci a duba. Labarin duka ya taso ne daga tambayar da almajiri ya yi wa malaminsa a kan asalinsa da garinsu. Ita ce tambayar da ta kamaci mutanen Kano su yi sa'ad da aka shigo da shi cikin kamammu, ta kamaci Abdulkarim ya bi ta har Kagara kafin ya ɗaura wa raƙumi kaya. An yi ta a ƙarshe, bayan mai amsar ya yi furfura, kuma yaro ne ya yi wa babba. A loton nan kuwa Umar ya riga ya koma ɗaya gefen, shi ne hannun da 'ya'yan waɗansu ke ciki, waɗanda suka baro garuruwansu suka zo karatu wurinsa. Mawallafin ya sa su yi tambaya su saurara, bai juya tambayar ta koma kansu ba.